Ku Fara Ɗauke Uwa

A unguwar Tandabawi ta Makka masu suna Idrisu sun fi biyar, amma idan ka ce Idrisu Haddad babu mai sake tambayarka wanne. Haddad da Larabci maƙeri ke nan, kuma sunan ya bi shi har bayan da ya yi shekara goma sha biyar bai hura wuta ba. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa ta kafaɗar dama, bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi. Magana kuwa sai ka roƙa. In ka gaishe shi ya amsa, in ka tambayi iyali ya ce lafiya, daga nan kai da shi sai kallon juna. Matarsa Zinariya takan ce da bakinsa wuƙa ce da tuni tsatsa ta cinye ta.

Ita Zinariya gajera ce mai fara'a, irin matan da in suka fita sayo tumatir sai an bi sawu. Mutanen unguwa sun daɗe suna tsokanarsu cewa an yi kuskuren rabo, don ina maƙerin baƙi mai fama da fartanya da gatari, ina zinariya wadda kayan maƙeran fari ce? Idrisu bai taɓa yi wa wannan tsokana dariya ba. Ita ke yi musu su biyun.

Asalinsu mutanen Ɗorawar Maƙera ne, wani ƙaramin ƙauye arewa da Gumel. A can ya buɗe ido ya ga mahaifinsa, Mukhtaru, zaune a rumfar kara, ƙafa ɗaya a miƙe, awartaki a hannun hagu, guduma a dama. In damina ta gabato manoma sukan cika rumfar tun da hantsi, wannan da fartanyar da ta cinye, wancan da garmar da ta tsage, kowa yana rantsuwa shi ya riga zuwa. Idrisu ya koyi zuga kafin ya koyi ɗaure wando da kyau. Ya san gawayin ƙirya daga ƙamshinsa. Ya san lokacin da ƙarfe ya yi ja irin na dukan masaba, da lokacin da ya yi fari yana tartsatsi, wanda in ka ƙara masa numfashi biyu na zugazugi ka ƙone shi. Ba a koya masa waɗannan da baki ba. Mahaifinsa ma ba mai magana ba ne, in ka yi kuskure gefen awartaki ne zai sanar da kai a gwiwa.

A tsakiyar rumfar uwar maƙera take, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka. Kanta bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, ya yi sumul yana sheƙi, gindinta kuma tsini ne da ake kafawa a ƙasa. An ce kakan kakansu ne ya ƙera ta da tamar da ya narka da kansa. A gidansu ba a ce mata ƙarfe, ba a tsallake ta, ba a zama a kanta. Uwa kawai ake cewa, kuma kowa ya san wadda ake nufi. Ranar da Idrisu ya yi niyyar Gabas, wato Makka, da amaryarsa, a shekarun da ake yaƙin basasa, tsohon ya tone ta da hannunsa, ya bar wa kansa wata sabuwa da bai taɓa so ba. Ya ce masa duk inda zai tashi ita zai fara ɗauka, kuma kada ya kuskura ya bar ta a kango. Wannan ita ce wasiyyar, kuma ba su sake ganin juna ba.

Shekara bakwai suka yi a hanya. In guzuri ya ƙare sai su sauka a wani gari, ya kafa uwa a gindin bishiya, ya ƙera lauje da wuƙa da bakin gatari har su sami na gaba. A ƙauyensu mace ba ta zuga, amma a hanya babu wanda zai yi, sai Zinariya ta durƙusa ta kama fatun akuya biyun nan na zugazugi, ba a yi wata ba ta fi shi iya riƙe wuta. Tsakanin garuruwan Abashe da Jinaina jakinsu ya mutu. Idrisu ya ɗauki masaba da zugazugi da buhun hatsi, saura uwa a ƙasa suna kallonta. Zinariya ta naɗa gammo da gefen zanenta ta ce ya ɗora mata. Kwana goma sha ɗaya tana kanta. Ya ga yadda wuyanta ya kumbura, ya ga gashin tsakar kanta ya zube bai ƙara fitowa da kyau ba. Duk ya gani, kuma abin ya zauna masa a rai, amma ko sannu mai kyau bai iya yi mata ba. Da suka isa ya ce ta sauke a nan, shi ke nan.

Makkar da suka tarar tana buƙatar maƙeri. Suka sami ɗan gida a kan dutse a Tandabawi, matakala ɗari da wani abu kafin ka kai ƙofa, ya kafa uwa a ɗakin ƙasa. Masu fasa dutse suna kawo kurfi a gyara masa baki. Masu sayar da ruwa suna kawo ƙugiyoyin da suke rataya garewani. 'Yan tsire suna son wuƙa siririya, wanzamai suna son aska kafin alhazai su sauko daga Mina. Babu gawayin ƙirya a nan, ya koma na itacen samur, ya kuma gano cewa sifirin na tsohuwar mota ya fi kowane ƙarfe yin wuƙa. In watan Hajji ya kama mahauta har kan matakala suke zama, babbansu Yari, mutumin Tasawa, wanda tun daga lokacin ya zama abokinsa saboda shi ba ya buƙatar a amsa masa in yana magana. Masu kawo aiki kuma yawanci da Larabci suke ciniki, sindan suke ce wa uwa, shi kuwa ba ya gyara musu.

Sannu a hankali aikin ya janye. Famfo ya shigo ya kori masu garewani, injin ya kori masu kurfi, wuƙaƙe suka cika kantuna a cikin leda, wanzamai suka koma reza wadda ake yarwa bayan kai ɗaya. Wata rana ya hura wuta tun safe har azahar babu wanda ya hawo, sai ya yayyafa mata ruwa ya rataye zugazugi. Uwa dai bai tone ta ba. Ya lulluɓe ta da tsohon buhu, aka riƙa jibga tabarmi da kwalaye a ɗakin har aka manta da abin da ke ƙasa. Shi kaɗai yakan shiga jefi-jefi ya ɗaga buhun, ya goge ta da ɗan mai, ya fito yana tari. 'Ya'yansa mata biyu suka yi aure, ɗaya a Jidda ɗaya a Madina. Autansu Abdurrahim, haifaffen Makka, ya zama mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kuma uban ne da kansa ya hana shi zama kusa da wuta tun yana ƙarami don ya yi karatu. Hausar Abdurrahim ta cikin gida ce, ta abinci da gaisuwa da amsa faɗa. In maganar ta yi zurfi sai ya tsallaka Larabci.

A shekara ta 2014 aka zo aka fesa jan fenti a bangon gidajen layinsu, aka rubuta izala, wato za a rushe. Abdurrahim ya samo musu gida a hawa na uku a unguwar Shisha, aka sa ranar Laraba don tashi. Ana saura kwana biyu ƙirjin Idrisu ya riƙe, hayaƙin shekara hamsin ya zo neman haƙƙinsa, aka sauko da shi a kan kujera aka kai shi asibiti. Ran Laraba da safe ya farka da robar iska a hanci, abin da ya fara zuwa masa shi ne wasiyyar mahaifinsa. Ya roƙi na kusa da gadonsa ya kira masa ɗansa a waya.

"Abdurrahim, kana ji na? Kafin ku taɓa komai, ku fara ɗauke uwa. Ku yi mata a hankali, ta tsufa. Tun daga gida take shan wuya tare da ni. Kada ku bar ta a kangon nan ko na yini ɗaya."

"Abshir, ya Abuya," in ji ɗan, muryarsa tana rawa. Wato an gama, ya sa a ransa an yi.

Idrisu ya mayar da kai kan matashi, hankalinsa ya kwanta. Ya ɗan yi mamakin rawar muryar, amma ya ɗauka ganin uba a gadon asibiti ne.

Washegari da la'asar Yari ya shigo da sandarsa da ledar lemo, yana dariya tun daga bakin ƙofa. Ya ce ashe shekara arba'in yana zaune da mawaƙi bai sani ba. Idrisu ya dube shi bai gane ba, sai Yari ya ja kujera ya kwashe labarin duka. Wai Abdurrahim yana ajiye waya ya nufi mahaifiyarsa, a gaban matan maƙwabta da suka zo taya ɗaurin kaya, ya maimaita mata maganar ubansa kalma bayan kalma, hawaye na zuba. Ya ce Abuya ya ce a fara ɗauke Ummi, a yi mata a hankali, tun daga gida take shan wuya tare da shi. Mata suka ɗauki guɗa. Baraka maƙwabciyarsu ta ce ita nata mijin ko a mafarki bai taɓa faɗin irin wannan ba. Zinariya kuwa ta tsaya tana sauraro har guɗar ta lafa. Can ta ce kowa ya fita a ba ta rabin awa ta yi sallama da gidan. Da ta gama aka sauko da ita ita ce ta farko, ɗanta yana riƙe da hannunta matakala bayan matakala, duk layin yana kallo.

Idrisu ya ji kamar an tsoma shi a ruwan sanyi. Ya buɗe baki zai ce ba ita yake nufi ba, sai ga Zinariya ta shigo. Ta sa sabon mayafi, ta sha kwalli, tana tafe a ɗan karkace, yatsunta biyu naɗe da tsumma, ta ce aikin tashi ne. Ta zauna a bakin gadon ta gyara masa bargo, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba. Fuskarta ta koma irin ta yarinyar da ya baro Ɗorawar Maƙera da ita. Ya dube ta, ya dubi yatsun, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Sai da suka tafi ya sake kiran Abdurrahim. Bai ambaci uwa ba, ya ce akwai sindan a ɗakin ƙasa ƙarƙashin buhu, ya je ya tono masa, kuma kada ya dami mahaifiyarsa da zancen. Ran Juma'a bayan masallaci ɗan ya hau dutsen. Ya dawo ya ce masa an riga an cire ƙofofi da tagogi, masu tsince ƙarfe sun bi layin gida gida, ko ƙusa ba su bari ba. A ɗakin ƙasa rami kawai ya tarar da buhu a gefe. Ya ba shi haƙuri, ya ce zai saya masa sabo a kasuwa in yana so, har ya ƙara da cewa shi bayansa bai warware ba tukuna, akwatin Ummi kaɗai ya kusa karya mutum biyu a matakala. Idrisu bai ji ƙarshen maganar ba. Ya juya fuska bango ya ce ba komai.

Amma da komai. Baƙin ciki ya kama shi irin wanda bai yi ba tun ranar da wasiƙar rasuwar mahaifinsa ta iske shi bayan wata biyar da binnewa. Yana rufe ido sai ya ga uwa a bayan mota tsakanin tsofaffin gadaje da bututu, za a kai ta a narke ta zama rodin gini. Abu guda aka ce ya yi a duniya, ya yi shi a garin Lami, ya yi shi a yankin Jazira, ya yi shi a bakin teku lokacin da mai jirgi ya so a jefar da ita don nauyi, sai yanzu da tafiya ta zo ƙarshe ya kasa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai gaya wa. In ya yi kukan rashin uwa Zinariya za ta gane wace uwa ya ce a fara ɗauka, matan unguwa su ji, guɗar nan ta koma abin dariya. Ya auna abin ta kowane gefe ya ga gara ya haɗiye.

Aka sallame shi ya tare a Shisha. Gidan fes, da tayil da lif da na'urar sanyi wadda ɗansa ya ɗaura da kansa. Babu matakala, babu ɗakin ƙasa, babu ƙasar ma da za a kafa wani abu. Yakan zauna kusa da taga tun safe yana kallon motoci, hannunsa na dama yana buɗewa yana rufewa a kan gwiwa. Tuwo ya zo ya yi loma biyu ya ture. Masu zuwa dubiya suna cewa jinya ce ba ta sake shi ba, kuma kowace mace ta shigo sai ta tsokane shi da maganar wayar nan. Yakan sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce. Zinariya tana kai da kawo tana kallonsa ta gefen ido.

Kwana tara da komawar Abdurrahim kangon, da hantsi, ta kira shi daga ɗaki. Tana zaune a ƙasa gaban tsohon akwatinta na ƙarfe. Ta ce marfin ya cije, ya zo ya duba tunda shi ne maƙerin gidan, kuma shi ya yi wa akwatin maɗaurin tun suna Jazira. Ya durƙusa da ƙyar, ya taɓa maɗaurin ya ga lafiyarsa lau. Ya ɗaga marfin. Ta ce ya kwashe zannuwan sama, akwai abin da take nema a ƙasa. Ya kwashe na farko, ya kwashe na biyu, hannunsa ya ci karo da wani abu mai tauri naɗe a tsohon zane baƙi na saƙi. Tun kafin ya warware ya san ta, yatsunsa sun gane gefen da ya ɗan lotsa. Har da sauran ƙasar Tandabawi a jikin tsininta.

Ya daɗe bai ɗago ba. Can ya laluba aljihu ya ciro mukullin gidan ya ɗan ƙwanƙwasa mata a ka, ƙarar ta tashi siririya ta cika ɗakin.

"Kwana goma sha ɗaya tana kaina, Malam," in ji Zinariya. "Kana tsammani ban san sunanta ba?"

Ta ce da kurfinsa ta tone ta a rabin awar nan, ta yi ta girgiza ta har ta saki, a nan ta ji wa yatsunta ciwo, ta mirgina ta cikin akwati ta rufe.

"To don me kika bar ni haka?"

"Kai don me ba ka tambaye ni ba?"

Ya shafa kan uwar da babban yatsa. Maganar ta yi masa nauyi kamar kullum, amma wannan karon ya ɗago ta.

"Na ga kina murna."

Zinariya ta sa bakin mayafi ta share ido, ta yi 'yar dariya. Ta ce tun Abdurrahim bai rufe baki ba ta san ba ita ake nufi ba. Amma maganar ta yi mata daɗi a kunne, ga mutane suna ji, sai ta ce bari ta ara ta ɗan yafa. Ta zauna tana jira ya tambaye ta ta mayar masa da kayansa, kullum tana cewa yau zai yi, shi kuwa ya zaɓi ya rame.

"Waccan ta aro ce," ta ce. "Kwana taran nan kuwa nawa ne. Ka yafe mini, na ja su da yawa."

Suna nan zaune a ƙasa Abdurrahim ya shigo da ledar burodi. Ya ga zannuwa a warwatse, ya ga sindan ɗin da ya hau dutse nema yana zaune a akwatin mahaifiyarsa, ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan. Sai ya sunkuya zai ɗauke ta ya kai baranda. Uban ya ɗora hannu a kanta.

"Bar ta nan, ba inda za ta. Kama uwarka ka tashe ta daga ƙasa. Ka yi mata a hankali, ta tsufa. Tun daga gida take shan wuya tare da ni."

"Wa ya tsufa?" in ji Zinariya. Amma ta miƙa wa ɗan hannun, mai yatsu biyu a naɗe.